Rasuwar Hajiya Salansa, Mai Shan Wutar Jirgin Tudun Wada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su daina amsa kuwa ba, ni Malam Sharfaddeen na Tudun Wadan Zariya, tsohon malamin koyar da kanikanci, a madadin iyalina da duk mai tausayin ƙarfe, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar salansar jirgina, wadda muke kira Hajiya saboda cikar jikinta da kamun kanta. Ta rasu ranar Asabar da safe a tsakar gidana, tana bakin aiki, bayan wata rashin lafiya da babu wanda ya gani, domin a lulluɓe take.

Ga waɗanda ba 'yan unguwarmu ba, jirgin sama nake nufi. Tun da na ajiye alli nake ƙera shi a tsakar gida da katako da bututun ƙarfe, mai cin mutum biyu, ko da yake har yau ban samu na biyun ba. Bai tashi ba tukuna, kuma ina roƙon mai karatu ya lura da wannan tukuna. Burina a duniya shi ne in ga tayoyinsa sun rabu da ƙasa ina zaune a ciki, kafin ni a mayar da ni cikinta.

Ba za a gane darajar marigayiya ba sai an san wanda ta zauna da shi. Injin jirgin a kasuwar Panteka ta Kaduna na samo shi, daga cikin wata tsohuwar motar tsere. Irinsa ake kira rotari. Ba shi da fistin mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku kamar yankan awara yake juyi a cikinsa. Ƙarami ne, ba nauyi, ga ƙarfi, shi ya sa masu ƙera jirgi a gida suke mutuwar sonsa. Sai dai yana da baƙin hali. Sauran injuna suna gama cin wutarsu a ciki sannan su fito da hayaƙi cikin mutunci. Shi kuwa ba shi da bawul, wato marfin ƙofar hayaƙi, da zai ce masa dakata, wuta tana ci yake tofo ta waje, da zafin da ke kaiwa digiri ɗari tara, wanda tukunyar dalma ba ta yi masa musu sai ta narke. Ba kuma a hankali yake tofarwa ba, dukan guduma yake yi wa duk abin da aka ɗaura masa a baki.

Ranar da na fara tayar da shi babu salansa, kajin maƙwabcina Alhaji Ɗantsoho, wanda katanga ɗaya ta raba mu, suka daina ƙwai, suka koma tsayuwa da ƙafa ɗaya suna kallon bango. Magana ta kai gaban mai unguwa. A ƙofar masallaci ya yanke hukunci a gaban dattawa: jirgi zai ci gaba da zama a gidana muddin yana da salansa, amma ranar da aka sake jin muryar injin nan tsirara, ranar zai bar Tudun Wada. Na amince, aka shafa fatiha. Tun daga lokacin, zaman jirgina da burina suka rataya a wuyan duk salansar da ta yarda ta aure shi.

Biyu sun riga ta. Ta farko salansar acaɓa ce, yarinya ƙarama da ba ta san duniya ba, ko ruwan shayi bai tafasa ba ta yi laushi ta sunkuyar da kai. Ta biyu ta janareta ce, mai ji da kanta, ita kuma ta amayar da kayan cikinta a kan shanyar maiɗakina Tayyiba. Duka sau biyun nan, da sauri na kashe injin kafin unguwa ta ji.

An haifi Hajiya a shagon Kailani mai walda. Asalinta tukunyar kashe gobara ce da ta yi ritaya ba tare da ta taɓa ganin gobara ba, sai ga shi rabonta na wuta yana jiranta a gidana. Kailani ya yanke ta, ya jera mata farantai masu huji-huji a ciki, ya cusa mata soson ƙarfe na wanke-wanke, wanda har gobe Tayyiba tana zargin ɓeraye da kwashe shi daga madafa. Muka ɗaura ta a gefen hancin jirgin, muka yi bismilla.

Jama'a su shaida, marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Duk ashar ɗin da injin ya zuba mata a ciki, sai ta haɗiye, ta fito wa unguwa da magana mai laushi: “fat-fat-fat-fat.” Idan na ba da wuta takan ce “hurrrrr,” kamar mai gyaran murya a gaban manya. Jikinta yakan yi jajir kamar garwashin maƙera, amma ban taɓa jin ta kai ƙara ba. Idan an kashe injin kuma, takan jima tana cewa “ƙas… ƙas… ƙas,” irin na tsohuwar da ta miƙe ƙafa bayan doguwar tafiya. Ina son wannan sautin fiye da yadda zan iya faɗa. A zamaninta kaji suka dawo da ƙwai, Alhaji Ɗantsoho ya dawo da amsa mini sallama da cikakken baki.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga ƙauna. Zafin jikinta ya fara toya fentin jirgin, katakon da ke kusa da ita ya soma baƙi. Ina tsaye ina tunanin abin yi sai ga Gwaggo Ishatu, ƙanwar mahaifina, wadda ke toya masa a ƙofar gidanmu tun ina ɗan makaranta. Ta dubi marigayiya ta riƙe haɓa ta ce, “Kai Sharfaddeen, abu mai zafi ai laka ake shafe shi da ita. Murhu laka, tanda laka, sai wannan baiwar Allah kuka bari tsirara tana ƙona muku kaya?” A gidanmu ba a mayar wa Gwaggo magana, kuma gaskiya maganar ta shige ni. Aka kwaɓa jar laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, aka shafe Hajiya tun daga wuya har gindi, da kauri ta ɓangaren jirgi, da sirantaka ta sama. Katako ya daina ƙonewa, muryarta ma ta ƙara sanyi, kowa ya yaba.

Kafin lakar ta bushe na ga Gwaggo tana danna bayan ludayi a gadon bayan marigayiya, tana fitar da gurabu a jere. Na ɗauka ado ne. Washegari da na fito gwajin inji, na tarar da ita zaune a gefen jirgi da roba cike da ƙullu da kwalbar man gyaɗa, ta ɗaure ɗankwalinta da igiya ta ƙarƙashin haɓa saboda iskar farfela.

Ba don ina cikin makoki ba, da na tsaya na kwatanta muku masar nan. Bayanta ƙus-ƙus, cikinta lugub, babu ƙaurin itace. Labari ya zaga unguwa. Mukan ɗaure wutsiyar jirgi a jikin darbejiya, a yayyafa ruwa a tsakar gida, in hau kujerar direba in riƙe totur, Gwaggo tana juya masa da tsinke iska tana kaɗa mata zane, layi kuma ya miƙe har zaure. Mutanen da suka kai ni gaban mai unguwa su ne suka koma zuwa da fetur a kwalba don kada in ce babu mai. Ranar da na makara, Alhaji Ɗantsoho da kansa ya leƙo ta kan katanga ya ce, “Malam, lafiya yau ba a tashi jirgi ba? Yara ko karyawa ba su yi ba.” Ban taɓa jin daɗin zama a Tudun Wada kamar wannan lokaci ba.

Ashe a ƙarƙashin lakar nan Hajiya dahuwa take yi. Da can iskar farfela ce ke shafa mata jiki tana kwashe zafin. Da aka lulluɓe ta, zafi ya rasa hanyar fita ya koma cin ta daga ciki. Gwajin da nake yi na ɗan lokaci kuma ya zama aikin safiya guda, kullum. Ta nuna alamu, Allah Ya sani. Muryarta ta ɗan dushe, wani abu ya fara cewa “kwal-kwal” a cikinta, tana tofar da baƙin ɓawo. Masa ta riƙa nuna da wuri fiye da da, aka ɗauki wannan a matsayin ci gaba.

Ranar Asabar ɗin nan ake sunan jikan Alhaji Ɗantsoho, kuma ya rantse baƙinsa ba za su ci wata masa ba sai ta jirgi. Tun da aka fito masallaci muke aiki. Baƙi suka yi ta zuwa daga unguwar Kongo da cikin birni, faranti yana shiga yana fitowa wayam. Can sai Alhaji ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce a ƙara wuta, surukansa sun iso. Haƙƙin maƙwabtaka abu ne babba. Na tura totur.

Marigayiya ta ce “hurrrrr” kamar kullum. Sannan ta ce “fffff,” wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce “Fau!”

Laka ta watse, masa ta watse, injin ya samu bakinsa ya kwarara ihun da ya daɗe yana tarawa. Maroƙin da ke tsakiyar kirari a gidan suna ya ci gaba da buɗe baki babu mai jin komai. Kaji suka bi ta kan tabarmar surukai. Kafin hannuna ya kai ga makunni, an ji mu har bakin titi, inda 'yan keke suka tsaya suna duban sama. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni, sai ɗankwalin Gwaggo da har yanzu ake cigiya.

Kailani ne ya duba gawar. Bayanta ya tsage ta kan layin walda, ƙarfen ya koma kamar ɓawon albasa, farantan ciki sun ƙone sun bar zobe kawai, soson Tayyiba kuwa ko toka babu. Ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce, “Malam, sai haƙuri, babu inda zan ɗora wuta ta kama.” A nan ne hawaye ya zubo mini, ban kuma ɓoye ba.

Ban gama share ido ba aka ce mai unguwa yana kira. Alhaji Ɗantsoho ya riga ni isa, da maiƙon masa a yatsunsa, yana tuna wa dattawa alkawarin ƙofar masallaci. Na yi bayanin wanda ya ce a ƙara wuta. Mai unguwa, wanda shi ma na ga farantinsa a layi ba sau ɗaya ba, ya ce shi dai abin da aka shafa fatiha a kai ya sani: an ji muryar inji ko ba a ji ba? Dattawa suka ce an ji, wasunsu sai da aka maimaita musu tambayar da ƙarfi. Hukunci ya tabbata, jirgi zai bar unguwa. Ba na zargin kowa a wannan sanarwa, na dai ambaci sunaye ne don tarihi.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, injin rotari, wanda bai nuna ko alamar nadama ba. Ta bar farfela, da guntun bututun da ya haɗa ta da mijin, da kusoshin da suka riƙe ta har ƙarshe. Ta bar Gwaggo Ishatu, wadda ta koma hura itace tana cewa masar yanzu ba ta da albarka. Ta bar Tayyiba, da ke karɓar gaisuwa da fuskar da ban gamsu da ita ba. Ta bar ni.

Ga yadda aka tsara. Gawa tana zaure a kan tabarma, ana karɓar ta'aziyya daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon masu gaisuwa su ɗaga murya, domin mai makoki ba ya ji sosai ta kunnen hagu. Kada a kawo masa. Ranar Alhamis 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su tafi da ita, kuma na roƙe su kada su ɗora ta a sikeli a gabana.

Shi kuwa jirgin, za a kai shi gonar ƙanena Yusha'u a bayan Dutsen Abba, ya zauna ƙarƙashin mangwaro tare da awaki. Sai dai da muka cire fukafukai muka gwada, mun tarar ya fi ƙofar zaure faɗi, don a tsakar gida aka haife shi kuma a nan ya girma. Tayyiba ta ce a taɓa zauren nan a ga yadda ake yaji. Saboda haka ta kan katanga za a fitar da shi, a sauke a gidan Alhaji Ɗantsoho mai babbar ƙofa, wanda ya yi alkawarin kawo igiyoyi da majiya ƙarfi, har ya ce shi zai kama gaba.

Za a yi wannan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ana gayyatar duk wanda ya taɓa cin masar marigayiya ya zo ya sa kafaɗa. Ina sanar da masu ɗauka tun yanzu cewa za su ji ya ɗan fi yadda suka zata nauyi, domin ina cikin kujerar direba, da hulata da tabarau. Alfarma ɗaya nake nema a wurinku. Idan kun ɗaga, tayoyin sun bar ƙasa, ya kai saman katanga, don Allah ku ɗan dakata kafin ku sauke.