Goran Zamzam a Jirgin Masar

Allah Ya yafe mini, girman kai ne ya ci ni. Muna dawowa daga Makka muka hau jirgin ƙasa a Masar, tarago na katako. Ni masassaƙin Danja, na ƙwanƙwasa mazaunin na ce, "Wannan ko gezau ba zai yi ba."

Malam Audu, abokin tafiyata, ya ce, "Alhaji, rungume goranka dai."

Na ƙi, na ɗora goran zamzam da Inna ke jira ta wanke idanunta a kan mazaunin. Da jirgi ya ɗauki gudu, tarago ya shiga kyarma, gora ya faɗo ya fashe.

Inna ta ce ba komai. Wannan ya fi mini ciwo. Har yau in tulu ya fashe a Danja, sai a ce, "Alhaji ne ya ƙwanƙwasa?"