Man Gyaɗa a Gwangwanin Birki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tashi daga Wagini zuwa suna a Zakka ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani. Shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira ne. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya sayar da shanu ya sayi akori-kura yana jigilar 'yan kasuwa. (Duk na ambace shi sai idona ya kawo ruwa, a yi haƙuri da tsohuwa.)

Wata rana ya dawo daga Katsina, wajen masu sayar da kayan mota, da gwangwanin man birki. Ya tura shi ƙarƙashin gado ya ce, "Lanti, wannan ran mutane ne, kada a taɓa."

Sai ga maƙwabciyata Dije, wai ta ji man birki maganin ƙyasbi ne. Ni kuma ga son a ce ina da kirki. Na tsiyaya mata. Kafin sati mata na ta sallama da 'yan kwalabe, na zama likitar unguwa, har ina faɗa musu sau nawa za a shafa! Ran da na girgiza gwangwani na ji wayam, sai na tuna kashedin Malam. Na ce a raina ai duk mai ɗaya ne, na cika shi da man gyaɗa, na mayar.

Safiyar sunan na ga Malam ya fita da gwangwanin ya buɗe gaban mota. Na buɗe baki in yi magana, kunya ta rufe shi. Inna, uwar mijina, ta shiga gaba, mu kuma muka cika baya, har da Dije da ragon suna.

Muna cikin tafiya wani dattijo, Baba Audu, ya fara ba da labarin tasha: wai an zuba wa wata babbar mota man da ba nata ba, birki ya ƙi kamawa, ta gangara rafi da mutanenta. Jama'a na salati. Na dubi matan nan da goyonsu, na ce shi ke nan, ni ce ajalinsu. Duk addu'ar da na sani ta gudu.

Da na hango gangarar gulbi, motar ta soma sauri, ban san sadda na miƙe ina dukan rufin direba ba. "Malam, tsaya! Man gyaɗa ne! Wallahi man gyaɗa ne, za mu mutu!"

Mota ta tsaya cak, har Baba Audu ya rungumi rago. Malam ya fito. A gaban surukata da dattawan gari na zayyana komai ina kuka, har da sunayen masu ƙyasbi. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam ya dube ni ya ce, "Ke Lanti, yanzu da me na tsaya? Ina buɗe shi na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli, na je na samo wani wajen abokina."

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "To likita, kin gama? Mu tafi ko?"

A gidan sunan ko tuwo ban iya haɗiyewa ba, kowace mace sai ta zo ta nuna mini wuyanta tana dariya.

Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba. Sai dai har ya bar duniya, in ya tarar ina suya, yakan ce, "Lanti, a rage mini na mota." Yau ina suya babu mai tsokanata.

Abin da na koya shi ne, in kin yi ɓarna, ki faɗa a tsakar gida mutum ɗaya na ji. In kika jira gangara, har rago sai ya ji.