Mutumin da Aka Canja wa Ƙofar Zuciya

Wani ne a unguwar Zaitawa cikin birnin Kano, sana'arsa bugun shadda a Ƙofar Mata. Shekarar da soja suka koma bariki, shi kuma numfashinsa ya fara yi masa gardama. Da ya ɗaga mabugi sai haki. Daga gida zuwa masallaci sai ya huta a zauren wannan, ya huta a dakalin wancan. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Matarsa Hajo ta sa shi a gaba sai asibiti.

Likita ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya saurara. Aka yi hoto. Sannan ya ce, "Malam, zuciya tana da ƙofofi. Ɗaya daga cikin naka ba ta rufuwa, jini yana komawa baya."

Mutumin ya juya ya dubi Hajo. "Kin ji ko? Shekara da shekaru ina cewa a riƙa rufe ƙofa."

Hajo ta share hawaye da bakin mayafi. "Likita, in aka bar shi haka fa?"

"In aka bar shi haka, da wuya ya ga damina."

Mutumin ya ce, "Ni dama ba noma nake ba."

Washegari ya dawo da Ilu kafinta, riƙe da guduma da ƙusoshi da sabon kwaɗo.

"Likita, ga wanda ya gyara ƙyauren masallacinmu. Har yau bai ƙara motsi ba."

Ilu ya naɗe hannun riga. "A nuna min wurin kawai."

Likita ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce Ilu ya jira a waje.

"Malam, aiki za a yi maka. Za a buɗe ƙirji a cire ƙofar a sa wata. Iri biyu ce, kai za ka zaɓa. Akwai ta ƙarfe. In ta shiga ta shiga ke nan, ba ta fita, sai dai tana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo, kuma kullum sai ka sha magani. Akwai wadda ake yi da jikin saniya. Ita ba ta da ƙara, amma bayan wasu shekaru sai an sake ta."

Mutumin ya daɗe yana kallon silin. "Wato ta ƙarfen soja ce, ta saniyar farar hula."

"Kusan haka."

"Ba ni farar hular. Mun gwada waccan."

Da aka idar da sallar La'asar ya miƙe a masallaci ya yi sanarwa: asibiti za su yanka masa saniya, kuma shi ba mai rowa ba ne.

Ranar aiki barandar asibiti ta cika maƙil da mutanen Zaitawa. Mata da fanteka da kwanuka. Ɗantani mahauci ya zo da wuƙaƙensa a naɗe cikin buhu. Ladan ya ce a ajiye masa harshe. Ilu ya ce shi wutsiya ta ishe shi, tunda an hana shi aikin. Hajo kaɗai ta rakuɓe a gefe tana jan carbi, ko ruwa ta kasa sha.

Tun hantsi har rana ta yi sanyi, sannan likita ya fito. "Alhamdulillahi, aiki ya yi kyau."

Hajo ta faɗi ta yi sujjada. Ɗantani ya matso. "Madalla, Likita. Ta wace ƙofa za a fito da ita?"

Likita bai gane ba, ya wuce abinsa.

Da mutumin ya farfaɗo aka zare masa robar baki, Hajo ta sunkuyo. "Sannu, Malam. Allah ya tashi kafaɗunka."

Ya motsa leɓe da ƙyar. "An raba?"

Likita ya ce, "Raba me?"

"Naman."

"Wane nama?"

"Saniyata mana. Kada a manta da ladan."

Sai a nan likita ya fahimci taron da ke baranda. Ya ja kujera ya zauna. "Malam, babu wata saniya a asibitin nan. Abin da muka sa maka bai fi goro girma ba. Can Turai aka yanka saniyar, ƙofar kawai aka aiko mana a kwalba."

Mutumin ya ɗaga kai a hankali ya leƙa ƙirjinsa. Bandeji tun daga wuya har ciki. Ya dubi Hajo, ya dubi likita.

"Wato ni aka yanka a Kano, nama kuma aka cinye a Turai?"