Minti Ɗaya na Shirun Kakakin Mata

Allah ya yi wa matan duniya gata ranar da ya ba su Kakakin Mata. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ba ya son ɗora wa jama'a wahala. Mai ɗaukar hoto ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka. Masu hoto su ne na bakin titi da ke ɗaukar fasfo. Shi mai tono muryoyin da tarihi ya binne ne, kuma da kyamara yake tonon. Yana rataye da guda uku a wuya, biyu ba sa aiki, amma suna taimaka wa kwarjini.

Matan layinsu, da yake ba su san darajar ilimi ba, Kar-ki-motsa suke ce masa.

Duk wadda ta shiga situdiyonsa ta san dalili. Zai zaunar da ke kan kujera mai gurguwar ƙafa, ya lulluɓa miki labulen taga, ya ce yau ke ce sarauniyar da aka manta. Kina buɗe baki ki ce kujerar na rawa, sai ya ɗaga hannu. Wata mai sayar da gwanjo ta yi murmushi, ya kashe fitila ya yi mata lacca a kan cewa macen da aka danne ba ta da haƙora. Matarsa kuwa a rediyo ta fara jin cewa ita ce mace ta farko da ya 'yanta. Tana wanke masa safa lokacin.

Da ya tashi shirya baje kolin da ya kira Bakunan da Aka Rufe, sai ya aika dangi su kawo tsofaffin hotuna. Gwaggonsa, yayar babansa, ta zo da guda ɗaya naɗe a ɗankwali. Wata mace ce a zaune, ta tamke baki tam, idanunta kamar za su cinye mai kallo. Hoton nan kaɗai Gwaggo take da shi na mahaifiyarta, wadda ta rasu tun Kakakin bai zo duniya ba. Abin da ya fito da ita daga gida da ciwon gwiwa shi ne a rubuta sunan tsohuwa a bango, jikoki su san ta.

"Wannan ita ce..." in ji Gwaggo.

"Kada ki faɗa, Gwaggo! Bar hoton ya yi min magana da kansa."

Ya kara shi a kunne, ya lumshe ido. Hoton ya gaya masa abubuwa da yawa, duk da irin muryarsa. Gwaggo ta yi ta dawowa. Ran nan yana waya, ran nan yana hira da 'yan jarida, ran nan ya ce ta zauna tukuna ya bayyana mata yadda ake hana mata magana. Bayanin ya kai la'asar, ta koma gida da maganarta a ciki. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, don ita ta yi masa wankan jariri.

Ranar buɗewa zauren ya cika. Hotunan mata sun jeru a bango, kowace ta ɗaure fuska. Hoton da ya fi kowanne girma nasa ne, a bakin ƙofa, yana dafe da haɓa. Na tsohuwa na tsakiya cikin firam mai ruwan zinariya, a ƙasa an rubuta: Mace marar suna, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Kakakin ya karɓi makirufo.

"Ni ne bakin marasa baki! Idan na yi tari, mace dubu ce ta yi tari. Ku dubi wannan baiwar Allah. Babu wanda ya san ta. Ni kaɗai na saurare ta."

Gwaggo ta ɗaga hannu, ya gode mata da jinjinar. Ya ci gaba har lemon da aka raba ya yi ɗumi, har shugabar ƙungiyar matan da aka gayyato don ta yi jawabi ta ninke takardarta ta mai da ita mafici. Can, da ya ga ya kai ƙololuwa, sai ya nemi a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da matan da aka rufe wa baki. Ya sunkuyar da kai, ya rufe nasa.

Tun da ya yi wayo Gwaggo ba ta taɓa samun fili irin wannan ba.

"Uwata ce," ta ce, ba ta ko nemi makirufo ba. "Kakarka ce, ɗan nan, wadda ta haifi ubanka. Lasifika ake ce mata. In ta kira yaro daga tsakar gida, yaran layi uku ke amsawa. Ita ta tara mata suka tsaya ƙofar mai kamfanin saƙa suna masa waƙa har ya buɗe musu aiki. A rayuwarta sau ɗaya ta yi shiru, ranar hoton nan. Wani mai hoto ne sarkin surutu ya ce mata kar ta motsa."

Dariya ta ɓarke har mai gadi ya leƙo. Kakakin ya buɗe ido ɗaya, ya duba agogo.

"Gwaggo, don Allah, mintin bai cika ba."

Gwaggo ta miƙe. Ta sauke hoton daga bango, ta zare shi daga firam, ta naɗe a ɗankwalinta. Mata suka bi ta waje suna tambayar yadda waƙar take, 'yan jarida na biye da su, matar Kakakin ce ma ta riƙe mata jaka. Daga bakin titi ana jiyo Gwaggo tana rera waƙar, kuma ashe muryar gado ce.

Shi kuwa ya tsaya daram gaban ƙusar da ta rage a bango, kansa a sunkuye, ya cika mintinsa cif. Duk zauren babu wanda ya ji.