Yadda Na Gyara Magazar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da sauran haƙoran nan huɗu sun bi 'yan uwansu, da gyaran da na yi wa magazar surukina a Keita. Ku da kuke ganina yanzu zaune kamar tsohon turmi, ku tambayi mutanen garinmu Allakaye wace ce ni a lokacina. In ana biki, ni ake kira in tsara madafa. Amarya in ta tare, uwarta takan raɗa mata ta je ta leƙa ɗakina ta ga yadda ake jera ƙore. Ban taɓa taka lakkwal, makarantar boko, ba ko da ɓatan hanya, amma tsakar gidana in tuwo ya faɗi, ɗauka ake a ci. (Ba yabon kai ba ne. To, yabon kai ne, amma gaskiya ce.)

Shekara biyu bayan babbar yunwar nan ta zamanin soja, ɗiyata ta fari ta yi haihuwa ta biyu, anka aiko in zo in yi mata wankan jego. Sunanta ba ya fita bakina, kun san sha'anin 'yar fari. "Ke" nake ce mata, ta kuwa san da ita nake. Mijinta malamin gona ne na gwamnati, mai jan moto, wato babur. Shekara shida da aurensu, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, shi a durƙushe yana kallon ƙasa, ni na ja mayafi na juya kai. Ko ƙwayar idonai ban san kalarta ba.

Gidan sarwis, na ma'aikatan gwamnati, anka ba su, na siminti. Jikin madafa akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe inda suke ajiyar kayan abinci, shi suke kira magaza. Bayan suna da kwana biyu suruki ya hau moto ya tafi rangadin ƙauyuka na kwana huɗu. Da safe na shiga magaza neman kanwa, sai na tsaya bakin ƙofa na riƙe haɓa.

Jama'a, abin da na gani! Kuka da busasshiyar kuɓewa a tasa guda sun gauraye. Tukunyar daddawa baki buɗe. Gabu a zube a ƙasa, kwalbar man gyaɗa ta kwanta tana tsiyaya kan buhun gishiri, ga kashin ɓera ko'ina, ga wani kyankyaso ya tsaya yana kallona kamar ni ce baƙuwar, shi ne mai gida. Na ce a raina, wannan yarinya daga cikina ta fito kuwa?

Ban ce mata komai ba. Tana kwance da jariri, jiki ɗanye, kuma wa ya taɓa neman izinin ɗiyar da ya haifa kafin ya yi shara? Na ɗaure ɗankwali, na ci ɗamara, na fitar da komai tsakar gida. Na kakkaɓe yanar gizo, na wanke ƙasa da toka, na toshe ramin ɓera da yumɓu da fasassun kwalabe. Kowane abu na ba shi mazubinai da murfinai: kayan miya a sama, masu nauyi a ƙasa, kanwa da gishiri nesa da danshi.

Can lungu, bayan buhun shinkafa, na tarar da wasu kwalaye biyu. Na buɗe, sai ga 'yan jakunkuna na farin yadi, sun fi talatin, kowace an ɗaure bakinta da zare, an maƙala mata 'yar takarda. Na kwance ɗaya, hatsi, wato gero. Na kwance wata, hatsi. Wata dawa, wata wake. Kowace ba ta wuce cikin tafi uku ko huɗu ba. Da farko na ce ko asiri anka yi wa gidan. Na kai takardar haske na duba, na ga ba rubutun allo ba ne, wannan tsutsar rubutun na 'yan boko ne, hankalina ya kwanta. Na ce oho, ragowar awo ne, malalaciyar yarinya ta kasa juye su wuri guda, shi kuma mijin, ɗan lakkwal, ko tusa ya yi sai ya rubuta mata takarda.

Na kawo manyan tukwane uku. Hatsi duka a ɗaya, dawa a ɗaya, wake a ɗaya. Na sheƙe, na tsince, na gauraya da hannuna har gwiwar hannu don su daidaita. Takardun kuwa sunka yi mini amfani ƙwarai wajen hura wutar ruwan wanka, don itacen Keita ɗanye ne. Jakunkunan na wanke su fes na shanya a igiya, jere reras.

Da la'asar na leƙa katanga na kira maƙwabciyarmu Hajo, wata mata mai faɗin baki da nake hira da ita, na ce ta zo ta ga aiki. Ta shiga ta fito tana tafa hannu.

"Inna, wanga ɗaki ko amarya aka kawo ta kwana ciki! Don Allah in kin ƙare ki biyo ta nawa."

"Ɗiyan yanzu," na ce mata, "lakkwal ta cinye musu hannu."

Kwana uku muna cin abin nan. Kunun kanwar mai jego daga tukunyar hatsi. Fura daga nan. Waken na yi ɗanwake har na aika wa maƙwabta. Ɗiyata ma ta ce, "Inna, kunun ga ya fi na kullum daɗi," na ce hannu ne.

Rana ta huɗu da hantsi sai ga ƙarar moto, bayanta wata babbar mota. Suruki ne ya dawo tare da shugabanai, wani dogon mutum mai tabarau daga Tahoua, Direktar suke ce mai. Sunka zauna ƙofar gida a inuwar itacen bedi. Na dama fura da nono mai kauri a sabuwar ƙwarya, na ba Hajo ta kai. Ta dawo tana dariya ta ce baƙo ya sha ludayi ya fi goma, yana tambaya wace ce ta yi wannan fura. Na gyara zama. Na ce ta koma ta ce mai daga Allakaye hannun ya zo.

Jim kaɗan sai na ji gyaran murya da sallama, suna shigowa ciki. Na ja mayafi na juya fuska wajen katanga, amma na bar ido ɗaya a waje, don ina son in ga fuskar suruki in ya buɗe magaza. Baƙon ya biyo shi, ƙwaryar furar har yanzu a hannunai.

Suruki bai kai magaza ba. Tsakiyar gida ya tsaya cik, ido kan igiyar shanya. Jakunkuna sun bushe, iska na kaɗa su. Mabuɗin moto ya suɓuce daga hannunai. Ya ruga magaza, na ji yana ɗaga murafu, ya fito, fuskar nan kamar an shafa mata toka.

Ga shi ga ni, taku biyar tsakaninmu, amma ba ya iya yi mini magana. Sai ya juya wajen Hajo.

"Hajo, a tambayar mini Inna, kwalayen da ke lungu fa?"

"Inna, wai kwalayen lungu."

"Ki ce mai na gyara."

"Ta ce ta gyara."

"A tambaye ta, abin da ke ciki."

"Ki ce mai yana tukwane, kowane da danginai. Hatsi da hatsi, dawa da dawa." (Wallahi har lokacin jira nake a gode mini.)

"Takardun fa?" in ji shi.

Hajo ba ta maimaita ba. Ta bi idona da kallo zuwa murhu, shi ma ya bi, baƙon ma ya bi. Mu huɗu muna kallon toka.

"La'ilaha illallahu," in ji suruki, ya sulale ya tsugunna ya dafe kai. "Iri ne, Hajo. Iri ne."

Iri! Kalmar ta shige ni kamar an watsa mini ruwan randa a baya. Ashe tun kaka yake yawo kan moton nan, dutse da kwari, ƙauye bayan ƙauye, yana roƙon tsofaffi irin shuka na kaka da kakanni, don yunwa ta sa mutane sun cinye nasu, abin da ya rage kaɗan ne. Kowace jaka da sunan garinta da sunan mai ita. Magazar buro, wato ofishinsu, ɓera ya yi mata yawa, shi ya sa ya kawo gida inda ya ga ya fi tsaro. Direktar kuwa ya zo ne takanas ya kwashe su ya kai inda za a yawaita su a raba wa manoma.

Direktar ya cire tabarau. Ya dubi ƙwaryar hannunai, ya dubi Hajo.

"Madam, wannan furar da na sha..."

"Ita ce, ranka shi daɗe," in ji Hajo, mai bakin da ba ya rufuwa. "Har ɗanwake munka ci."

Ya aje ƙwaryar a ƙasa sannu a hankali kamar mai aje jariri. "To, Malam, ka ga na shanye Ibohamane da kewayenta."

Ba wanda ya yi dariya. Suruki yana tsugunne yana magana da ƙasa. Ya ce cikin jakunkunan akwai ta wani tsoho na wani ƙauye bayan Ibohamane, wani hatsi mai saurin nuna, ko damina ta gajarta yakan kai. Tsohon ya binne shi cikin tulu lokacin yunwa, jikokinai na kuka bai tono ba. Abin da ya rage mai duka ya juye wa surukina, kuma watan jiya ya rasu.

Ni da na ɗinke irin gonarmu cikin matashin kai a waccan shekara, na kwana bisa shi da yunwa ban taɓa ba! Ni za a gaya wa mi ake nufi da iri? Ga shi na surfe na wani na zuba mai kanwa. Na zauna daɓas kan turmi. Ɗiyata ta fito bakin ƙofa da jariri ta ce, "Inna, mi kinka yi?" Na ja mayafi na rufe fuskata.

Direktar ya ce shi ba zai rubuta wa manya cewa surukuwa ta dama aikin wata biyar ba, ba mai yarda. Zai dawo bayan kasuwar Keita uku. In jakunkuna sun cika, bai ga komai ba. In babu, sai dai suruki ya shirya barin kujerar. Ya fita yana shafa ciki.

A nan ne na yi abin da uwata ba ta taɓa yi ba, kakata ba ta taɓa yi ba. Na sauke mayafi, na dubi surukina ido cikin ido, na ce, "Tashi. Ka san garuruwan da ka bi?"

Ya razana kamar katanga ce ta yi magana. "Na sani, Inna. Amma wanda ya ba ni sau ɗaya, da wane baki zan koma mai?"

"Ba bakinka za ka kai ba. Nawa za mu kai."

Dawa da wake ba su ba ni wuya sosai ba. Na baje sauran a tabarma ni da Hajo, kwana biyu muna tsinta, ja gefe, fara gefe, mai baƙin hanci gefe, shi kuma yana duba kayenai, littafin aikinai, yana gane na wane gari ne. Hatsi ne ba ya rabuwa, in ya gauraya ya gauraya. Don haka kowace safiya, in na gama wankan mai jego, sai in hau bayan jan moton nan. Ni! Surukuwa guda, zani a tattare, na ƙanƙame rigar surukina da hannu biyu ina salati, duwatsu na wurgi da mu, matan Keita sun fito ƙofar gida suna rufe baki. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Malamin gona, sabuwa ka yi?"

Kowane gari munka shiga, shi ya tsaya waje, ni in shiga wurin tsofaffin mata in durƙusa in ba da labarin da bakina, tun daga kyankyaso har ɗanwake. Sai sun yi dariya har hawaye, wata ta kira maƙwabciya ta ce in sake daga farko, sannan a hau rumbu a ɗebo mini. Wata tsohuwa ta miƙo nata ta riƙe gam ba ta saki ba, ta ce, "Rantse ba kunu za ki yi ba."

Kafin Direktar ya dawo mun cika jakunkunan, sai guda. Gidan tsohon nan mun je, matatai ta kife tulun a gabanmu, ko ƙwaya. Suruki ya tsira da aikinai, amma wannan jakar wofi ya miƙa ta.

Ragowar gaurayen hatsin na ƙulla a zani na kai Allakaye, na shuka a bayan gida. Cikin gonar wasu 'yan karare sunka riga sauran fitar da kai da kusan sati uku. Na yi ta korar tsuntsu a kansu kamar mahaukaciya har sunka nuna, na yanke na aika wa suruki. Ko na tsohon ne, ko ba nashi ba, Allah kaɗai ya sani. Shi dai ya aiko a ce mini ya gode, ta bakin Hajo.

Har gobe ina shara, kuma har gobe ba macen da ta fi ni jera ɗaki. Amma tun daga wannan shekara, ko kashin akuya na tarar a gidan mutane, in dai an ɗaura mai takarda, gaishe shi nake in kewaye da tsintsiyata.