Ranar da Na Maida Mama Yarinya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da safiyar da na raka Mama a ɗebi jininta. Ina aji biyu a kolej lokacin, kuma ni ce bakin gidanmu. Mama 'yar Damagaram ce, ba ta jin Faransanci, Zabarmancinta kuma bai wuce na cinikin tumatir ba. Duk inda za a yi magana da mai farar riga, ni ake turawa gaba (ni da ko malam ya kira sunana a aji sai in ɓuya a bayan littafi).

Mama ta yi ƙiba sosai. A unguwarmu Kirkissoye yaba mata ake yi, a ce Baba ya iya kiwo. Ni kaɗai nake ganin sauran: zoben da ya nutse a yatsarta, moɗar da ba ta barin hannunta, yadda take dafa bango kafin ta miƙe daga sallah.

Lokotoron da muka gani a asibiti, ana gobe za a ɗebi jinin, Bazabarme ne mai saurin baki. Ya yi mini bayani da Faransanci cewa kitse ba kwanciya kawai yake yi ba, yana zuba wani furotin a jini mai suna leftin, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. In ƙiba ta yi yawa, sai ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. Akwai kuma insulin, mai kwashe sukari daga jini, shi ma jiki kan daina jin maganarsa. Abin da mutum ke ci yana taɓa su duka. Na gane wannan tsaf, har kaina ya fara girma. Sai a bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Demain, il faut venir à jeun."

À jeun, wato da cikin wofi, ba a ci komai ba. Yanzu na sani. A ranar kuwa jeune kunnena ya ji, wato matashi. Na ji maganar ba ta zauna ba, amma in sake tambayarsa? Idona na kan igiyar takalminsa, na gyaɗa kai kawai.

"Me ya ce, Auta?" in ji Mama.

"Ya ce gobe ki zo... kamar yarinya."

"Yarinya? Ni?" Ta yi dariya har mayafinta ya zame. "Ah to, nufinsa in zo da ƙarfina, kar in zo a langaɓe."

Washegari ni da ƙafata na sayo fari masa, fanken nan mai maiƙo. Na dama koko, na zuba sukari ba tausayi, na shafa wa burodi mayonez. "Ƙara, Mama, jini fa za su ɗiba." Ta ƙara. Ta sa kwalli, ta ɗaura atamfar sallarta, muka haye gada a motar haya ta faba-faba tana ta ƙamshi.

Matar da ke ɗibar jini 'yar Maradi ce. Ta fara soka wa Mama yatsa, ta dubi ƙaramin injin auna sukari, fuskarta ta canza.

"Hajiya, kin ci wani abu?"

Mama ta lissafa mata, da alfahari, har da mayonez ɗin.

"Wa ya ce ki ci?"

"'Yar lakwal ɗina, mai bokon gidanmu. Lokotoro ya ce in zo kamar yarinya."

Matar ta dube ni, ta dubi kwallin Mama. Sai ta tuntsire har ta kifa kai a tebur. Ta leƙa ƙofa ta maimaita da Zabarmanci, bencin masu jira ya ɗauka. Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Amarya, ina kika baro angon?"

Mama ba ta zage ni ba. Ta sa gefen mayafi ta goge kwallin a hankali, ya bar baƙi a kuncinta. Da mari ta yi mini da na fi jin sauƙi.

Amma a hanyar gida wani fata ya kama ni. In karin kumallona ne ya ɗaga sukarin, ashe Mama lafiyarta ƙalau. Na yini ina roƙon Allah laifin ya zama nawa. Na yarda a yi mini dariya daga nan har unguwar Kalley.

Washegari muka koma da cikin wofi, ba kwalli, ba atamfa. Sukarin bai sauka yadda ake so ba. Ciwon sukari ne, in ji lokotoro, kuma ya daɗe a jikinta. 'Yar Maradin ce ta fassara mata rejim ɗin, wato dokar abinci: a bar fari masa, a rage tuwo da shinkafa, a yawaita zogale. Ni jaka aka ba ni na riƙe.

Darasi? Na koyi buɗe baki in ce "ban gane ba", ko a gaban mai farar riga ne. Na kuma koyi cewa akwai abin da ya fi dariyar mutane ciwo: ki roƙa a ɗora miki laifi, a duba, a ce ba naki ba ne.