Fi-Littafi da Kajin Matarsa

"Ni da kuke gani, ko muciya na soka a ƙasa sai ta yi ganye!"

Da wannan Malam Fi-Littafi ya tarbi sababbin masu koyon aikin lambu, yana tsaye kan bokitin da ya kife, yana hura hanci. Ka san dalilin sunan? Duk abin da ka ce masa ka karanta, sai ya taɓe baki ya ce, "Ni na fi littafi." Alhali kuwa, abokina, bawan Allahn nan bai taɓa shuka komai a duniya ba sai rigima. Sana'arsa ta da feshin maganin sauro ce gida-gida, can ma korarsa aka yi.

Lambun na yayar matarsa ne, irin lambun nan na raya ƙasa: ba feshi, ba takin buhu. A inuwa akwai akwatunan tana, tsutsotsin ƙasar da Yaya ta yi shekara da shekaru tana kiwo, masu cin ɓawo da ganye su mayar da su taki. Da tafiya ta kama Yaya, matarsa ta yi ta magiya har aka bar masa ɗaliban.

"Ban ruwa kawai za ka sa wa ido," in ji Yaya. "In na tarar da lambuna lafiya, aikin horarwa ya zama naka. In ka taɓa min tana, ko ƙofar nan kada ka sake bi."

"Haba Yaya! Ni ɗin?"

Kafin motarta ta sha kwana gogan naka ya sanar da unguwa kaf cewa ya zama babban mai horarwa.

Ya fara da busasshiyar ciyawar da aka lulluɓe kunyoyi da ita.

"Wannan wace irin ƙazanta ce? A share!"

Wata ɗaliba mai tabarau ta ce, "Malam, ai rufi ne, don ƙasa ta riƙe danshi."

"Ke, Tabarau, ni na fi littafi. Ɗauko tsintsiya!"

Aka share lambu tas kamar tsakar ɗaki, iri ya fito fili. Daga nan ya bi akwatunan tana ya buɗe murfinsu, wai ko tsutsa tana bukatar shan iska.

Can sai ya hango tsutsar ganye a jikin kabeji. Wayyo, hannunsa har ƙaiƙayin feshi yake yi, ga shi an hana. Wani dogon ɗalibi ya ce Yaya ta koya musu a tsince da hannu.

"Da hannu? Amma Dogo kai sakarai ne. Halitta ake haɗawa da halitta! Ku jira ni, yau za ku ga ilimi."

Ya ruga gida ya kwaso kajin matarsa a kwando, ba tare da ko sallama ba. Ya zazzage su gaban kabeji, ya nuna musu da yatsa.

"To, bismilla!"

Kaji suka dubi kabeji, suka dubi Fi-Littafi, suka wuce abinsu. Suka faɗa wurin rainon tsire suka yi masa aski. Sai zakara ya leƙa akwati. Ya yi wani irin kira, kai ka ce mai shelar walima ne.

"Malam, tana!" Tabarau ta ƙwalla ihu.

Amma bakin gogan bai mutu ba. "Duk cikin darasi ne! Dogo, buɗe tanki!"

Ya fizgi tiyo ya bi kaji da ruwa. Kaza ko ɗaya bai jiƙa ba, amma ruwan saman da Yaya ta tara ya ƙare ƙarƙaf, kunyoyi suka narke, shi kuma ya zame ya zauna daɓas cikin taɓo. Da ya lallaɓa ya leƙa akwatunan, ko tanar rantsuwa babu.

Mai hankali da nan zai tsaya. Shi kuwa uban 'yan dabara sai ya tafi juji, ya tono gwazarma farare ƙal, manya kamar babban yatsa, ya cika akwatunan ya rufe.

"Tsutsa ai tsutsa ce. Wanda ya yi magana ba shi ba takardar shaida."

Yaya ta dawo. Ta tsaya bakin ƙofa, ta dubi lambunta. Tsuntsaye sun yi dafifi suna tsince ragowar iri. Ta taka a hankali ta ɗaga murfin akwati.

"Mene ne wannan?"

"Tanarki ce, Yaya. Ƙiba ta yi. Kulawa ce ta karɓe ta."

Dogo ya cusa hula a baki. Tabarau ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Yaya ta mayar da murfin akwatin. Ta nufi mutum-mutumin tsumma na korar tsuntsaye, wanda ruwan tiyo ya kayar a tsakiyar lambu, ta cire masa malafa, ta kifa a kan Fi-Littafi.

"Aiki kake so ko? Tsaya nan. Buɗe hannuwa. Ka kore min tsuntsayen nan har mu sake rufe irin."

Ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a buɗe, taɓo na ɗiga daga wandonsa. Duk da haka sai da ya ce, "Ku lura da tsayuwar, ɗalibai, ba kowa ya iya ta ba."

Bai rufe baki ba wata kurciya ta sauka a hannunsa na dama, ta gyara zama. 'Yar'uwarta ta hau malafar, ta bar masa tsaraba a kafaɗa, sannan suka sauka tare suka ci gaba da cin iri a gindin ƙafarsa.

Yaya ta girgiza kai.

"Dogo, fitar min da wannan, ka mayar da na tsumman. Shi tsuntsaye na jin tsoronsa, kuma bai taɓa ba kowa shawara ba."